Jawabin Da Aka Yi A Guri A Kan Ciwon Jijiya Mai Daɗewa

 Nufina yau in yi magana a kan ciwon nan da mutum kan kwana yana cewa ƙafarsa na cin wuta, a duba ba a ga rauni ba, ba kumburi.

Ku sani mu Hausawa abu uku muka haɗa muka ba suna guda. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi jijiya ce, haka kuma farin zaren nan da ya fito daga ƙwaƙwalwa da lakka ya bazu cikin jiki, yana kai labarin zafi da sanyi da taɓawa. Na ukun nan nake nufi. Rashin rarrabewa shi ya sa a kan tafi wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, a zubar da jini, alhali jinin ba shi da laifi. Idan zaren ya lalace sai ya riƙa kai labarin ƙarya: raɗaɗi kamar wuta, suka kamar allura, tafiyar kiyashi, ko wurin ya mutu amma yana zogi. Galibi da dare ya fi tsanani, har mayafi ma ya zama azaba.

Sababinsa da yawa. Ciwon suga kan fara cin jijiya daga yatsun ƙafa biyu ya hau sannu sannu, ana gane shi da awon jini kafin karin kumallo, in ya kai 126 a sake awo a tabbatar. Akwai ƙurajen da kan fito a gefe guda kamar ɗamara, ƙwayar ƙarambau ce ta farka, su warke zogin ya saura. Akwai ƙashin baya da ya danne jijiya, ciwo ya sauko ta cinya har diddige, manoman shinkafa sun san shi. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid shi ma yakan jawo shi, don haka ake haɗa shi da bitamin B6.

Amma wanda zan daɗe a kansa shi ne wanda ake jin kunyar faɗa, watau kuturta. Ba gado ba ce, ba kuwa cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wani likita a ƙasar Norwe, sunansa Hansen, ya gan ta a 1873, kuma tun farko jijiya take kamawa. Yatsun da kuke gani sun gutsure ƙarshen al'amari ne, bayan shekaru. Farkonsa ɗan tabo ne da ya fi sauran fata haske. To, ga awon da kowane malami zai iya yi a tsangayarsa: a sa yaro ya rufe ido, a shafa auduga a kan tabon, a shafa a gefensa. In ya ji a gefe bai ji a kan tabon ba, a kai shi asibiti a makon nan. Likita zai laluba jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa ko sun yi kauri. Maganin ƙwayoyi ne iri uku, rifampicin da dapsone da clofazimine, wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta, ba dalilin a ware masa ƙwarya. In jijiya ta kumbura ana cikin magani, likita na da prednisolone, sai dai a hanzarta, gama abin da ya mutu ya daɗe da wuya ya komo.

Mu nan abin ya fi shafarmu, don masu da manoman fadama wuni suke cikin ruwa ba takalmi. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu, kututturen kachala ko ƙaya ta shige shi bai sani ba, sai ya zama gyambo. Lalle mai wannan hali, na suga ne ko na kuturta, ya sa takalmi, ya duba tafinsa kowane maraice, kada ya gasa ƙafa a wuta lokacin hunturu.

Saura magani na zogin kansa. Farasitamol da diclofenac na ciwon nama ne da gaɓa, ba su cika taɓa wannan ba, kuma yawan shan diclofenac na ɓata ciki da ƙoda, ga shi ciwon ƙoda ya riga ya dami mutanen kwarin nan daga Haɗeja har Gashuwa. Tiramol kuwa na masu talla a faranti, ni ban ga alherinsa ba, yakan kama mutum ya kasa bari. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne amitriptyline kaɗan da dare, ko gabapentin, ko pregabalin, ko duloxetine. Ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, suna sa barci da jiri, ba a kuma yanke su farat ɗaya. Yawanci rage ciwon suke yi har mutum ya sami barci ya koma gona, ba su kan kawar da shi duka ba. Wanda ƙafarsa ta fara shanyewa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa tare da ciwon baya, wannan kada ya kwana, a wuce da shi babban asibitin Haɗeja ko na tarayya da ke Nguru.