A Auna Kafin Katafila Ta Shigo Gari



Dukkanmu muna fatan ganin tituna da kasuwanni a mahaifarmu. To amma akwai binciken da ya kamata ya gabaci kowane babban aiki, domin auna illar da zai yi wa kayan tarihi. Masana kan zagaya wurin, su ƙididdige ganuwa da ƙofofi da maƙabartu da marinu da aikin zai shafa, su saurari dattawan unguwa, sannan su ba da shawara: a karkatar da titin, ko a rage faɗinsa, ko kuwa, in rushewa ta zama tilas, a auna ginin, a ɗauki hotunansa a adana.

Mu dubi Kano. Sarki Gijimasu ne ya aza harsashin ganuwarta wajen farkon ƙarni na 12, kuma a 2007 Nijeriya ta sanya ta cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Duk da haka, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An gina sabuwa, amma ginin magabata ya tafi ke nan.

A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati. Muna roƙon ƙungiya ta rubuta jerin tsofaffin wuraren garinmu tun yanzu, kuma duk lokacin da za a ba da kwangila, mu nemi ganin rahoton wannan bincike kafin a sa hannu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya albarkaci garinmu.