Me Ya Sa Ba A Husufi Kowane Wata?



Yau kan wata za mu yi magana. Daga tsayuwar jinjiri zuwa wata tsayuwar, kwana 29 ne da rabi. To amma hanyar da yake bi yana kewaya duniya ba zagaye take cif ba. Wani lokaci ya matso, wani lokaci ya ja baya.

In ya matso, kuma ya gitta tsakaninmu da rana, sai ya rufe ta ruf. Haka mutanen Gusau da Katsina suka gani a watan Maris na 2006, gari ya yi duhu da hantsi. In kuwa ya yi nisa, ba ya iya rufe ta duka. Sai a ga zoben wuta kewaye da shi.

To me ya hana a yi husufi kowane wata? Hanyarsa a karkace take. Galibi inuwarsa takan goce. Sai kamar bayan wata shida-shida rana da wata da duniya suke haɗuwa a layi ɗaya. Husufin wata a tsakiyar wata, na rana a ƙarshensa.

Don Allah, ranar husufin rana, kada ku bar yara su kalle ta da ido tsirara. Tana ƙona ido.