AJIYON BANKI: WANDA AKE BIƊA DA HAKKI DA WANDA SAI AN ROƘA

Jawabin mushen lakkol ran taron ƙungiyar ƴan garinmu. An buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Iyayena, yayyena da ƙannena, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, da waɗanda takardar ga za ta iske Abija ko Kwatano, ina gaishe ku baki ɗaya.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana bisa kuɗɗin da banki ke yanke ma mutum in ya ɗauki abin da ya fi ajiyarshi. Ni ba ma'aikacin banki ba ne, aikina alli da allo. Amma albashina ta banki shike biyowa, kuma ƴan uwa da yawa na kawo mini takardunsu in karanta musu. Shi ya sa na karɓa.

Mu fara da kalmomi biyu na Faransanci, don da su za a yi muku magana in kun je. In banki ya bar ka ka ɗauki jikka 100 alhali kwantinka babu ko dala, sunan wannan dekuber. Bashi ne, ko da ba a kira shi bashi ba. Kuɗɗin da za a yanke maka saboda shi, su ne ajiyo. Wasu bankuna kowane wata suke yankewa, wasu sai bayan wata uku, shi ya sa mutum ke mancewa sai rannan shi ga albashinshi ya ragu.

Iyayena, kada ku ce wannan maganar ƴan birni ce. In bazara ta yi tsanani, rumbu ya ƙare, kunka aika ma yaro cewa a sayi hatsi, da yawa ba aljihunsu suke taɓawa ba, dekuber suke ɗauka. Hakanan ragon Layya, hakanan in an kwantar da wani likita. Buhun hatsi ya iso gida, an ci, an sa albarka. Shi ko yaron wata uku ko huɗu shina biyan abin da ba ku gani ba, kuma kunya ba ta barinshi shi faɗa muku. Ma'ajin ƙungiya ya san haka, don daga nan ne kuɗɗin wata-wata ke fara makara.

To, nawa ya kamata a yanke? Bankunan ƙasashenmu takwas masu sefa ba su da ikon sa ruwan da sunka ga dama. Akwai iyaka, kuma babban banki, wato BCEAO, da ke da cibiya Dakar da rassa Yamai, Maraɗi da Damagaram, shi ke sanar da ita. Daga ran 1 ga Janairu 2014 an tsaida ta kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Ana sake duba iyakar lokaci zuwa lokaci, saboda haka ku tambayi wadda ake aiki da ita ranar da kunka je. Mu yi lissafi da 15 ɗin, kamar a aji. Jikka 100, shekara guda, ruwanta jikka 15. Wata guda ke nan jikka 1 da dala 50. A takardar banki za ku ga an rubuta 1.250, don su da tamma suke ƙirga, mu da dala. Wannan kaɗai ya isa shi rikita dattijo.

Yanzu in ka ci jikka 100 na wata guda, ka ga an yanke maka jikka 7 ko 8, ka san ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai kamasho bisa rami mafi zurfi da kwantin ya faɗa cikin watan, akwai kuɗɗin riƙon kwanti, akwai haraji, wani lokaci da tarar wuce abin da anka yarje maka. Kowane da sunanshi da layinshi cikin takardar da ake ce ma rulebe, wadda ke nuna shige da ficen kuɗɗi. Iyakar da na faɗa ba ruwa kaɗai ta shafa ba, har da kamashon da ke rataye ga bashin. Wanda bai karɓi rulebe ba, da mi zai yi gardama?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ramin da mutum bai gina da hannunshi ba. Ga ma'aikaci ya ci bashin gini ko na babur, banki na cire rabonshi ran da anka ajiye kowane wata. Albashi ya makara kwana 20. Na'ura ba ta san albashi ya makara ba, ta cire, kwanti ya faɗa rami, ajiyo ya fara hawa. Yayyenmu da sunka yi aikin gwamnati cikin shekarun 1990, lokacin da ake bin bashin albashin watanni, sun san wannan ciwo. Mu ma mun ɗanɗana wani abu mai kama da shi bayan 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO da UEMOA sunka sa ma ƙasa takunkumi, kuɗɗi sunka yi wuya a bankuna, har anka ɗage shi ran 24 ga Fabrairu 2024.

Akwai kuma kwantin da anka bari. Yaro ya buɗe kwanti Yamai, aiki ya ƙare, ya kwashe abin da ke ciki ya wuce Aljeriya ko Kodibuwa, shina zaton ya rabu da banki. Bai rabu ba. Kuɗɗin riƙon kwanti na hawa, tun da babu komi ciki sai su zama bashi, bashin ya haifi ajiyo. Bayan shekara uku ya komo, a ce mashi ana bin shi jikka 60, shi ko bai ɗauki ko tamma ba. Kuma sunanshi na iya shiga rajistar masu bashi da bankuna duka ke dubawa. Kwashe kuɗɗi daban, rufe kwanti daban. Rufewa da takarda ake yi.

Sai abu na uku, ƙarami amma shina cizo: ranar da ka zuba kuɗɗi da ranar da banki ya fara lissafa su ba kullum suke zama ɗaya ba. A rulebe rana biyu ake rubutawa gefe da gefe. Ka zuba ran Juma'a, a lissafa maka daga Litinin, kai ko ka cire ran Asabar. A idonka ba ka ci bashi ba, a idon na'ura ka ci na kwana biyu.

To, ga gundarin maganata. Kuɗɗin da anka yanke iri biyu ne, kuma wanda ya gama su wuri guda ya ɓata ma kanshi.

Iri na farko, wanda anka yanke ba bisa ka'ida ba. Wannan hakkinka ne, ba roƙo za ka yi ba. Tun ran 1 ga Oktoba 2014 BCEAO da bankuna sun daidaita bisa ayyuka 19 da ba a biyan ko dala kansu. Cikinsu akwai buɗe kwanti, da rufe shi, da rulebe sau ɗaya a wata, da takardar shekara mai tara dukan abin da anka yanke maka, da zuba kuɗɗi, da shigar albashi, da cire kuɗɗi da kati ga na'urar bankinka, da tura kuɗɗi daga kwanti zuwa kwanti cikin banki guda. In ka ga an caje ka bisa ɗaya daga cikinsu, a maido. In an yanke abu guda sau biyu, a maido. In abin da anka yanke ya fi wanda ke rubuce cikin takardar da ka sa ma hannu, ko cikin jerin farashin da ke liƙe ga bangon banki, a maido. Kuma in wannan kuskure ne ya tura kwantinka rami, ajiyon da ya biyo baya ma shina cikin abin da za ka biɗa.

Iri na biyu, wanda anka yanke daidai, amma kai ka shiga wahala: an sallame ka daga aiki, ko ciwo ya kwantar da kai, ko wuta ta ci shagonka, ko albashi ya makara. Nan ba ka da ikon tilasta ma kowa. Roƙon rangwame ne, su suna ce mashi remiz garasiyoz. Shugaban reshe na iya yafewa duka, shina iya yafe rabi, shina iya ƙi. Ba zan ce muku kowa na samu ba. Amma abin ba baƙo ba ne ga bankuna. A 2020, lokacin annobar korona, BCEAO ya ce a ɗaga ma waɗanda abin ya shafa biyan bashi wata uku, ana iya ƙara wasu uku, ba ruwa, ba tara. Kuma banki ɗan kasuwa ne. Ya gwammace shi rasa jikka 10 da shi rasa mutumin da albashinshi zai riƙa shigowa shekara 20.

Na ga ƴan uwa sun shiga banki da zafi, suna ɗaga murya gaban mai biyan kuɗɗi, suna cewa an sace su. Shi wannan bawan Allah bai da ikon maido ko dala. Na ga kuma waɗanda hakkinsu ne tsantsa, sunka je suna durƙuso kamar masu biɗar sadaka. Duka biyu hannu wofi sunka komo.

Magana ta baki iska ce a banki. A rubuta. Ko da yake a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, takardun banki har yanzu da Faransanci suke zuwa, to da shi za mu rubuta. Wasiƙa gajera zuwa ga shugaban reshe: sunanka, lambar kwanti, ranar da anka yanke, da adadin. Abin da kake ganin kuskure ne ka sa shi gefe guda, ka ce a maido. Abin da kake roƙo ka sa shi gefe guda, ka faɗi abin da ya same ka cikin layi uku, ba tarihin dangi ba. Ka gama da shaida: takardar wurin aiki mai nuna ranar da albashi ya shigo, ko takardar likita, ko ta sallama. Ka yi kofi biyu, a buga ma ɗaya hatimi da kwanan wata, ka riƙe ta. Wannan hatimin shi ne rabin shari'arka.

In ramin ya yi zurfi, ƙara roƙo guda: a mai da dekuber ɗin bashi na ƙa'ida, a raba shi wata 6 ko 12. Dekuber ba shi da ranar ƙarewa. Albashi ya shigo ya cike rami, kai kuma ka sake ginawa don ka ci abinci, haka wata da watanni. Bashin da anka raba, ka san ranar da za ka fita.

In an yi shiru fa? A 2020 hukumar da ke sa ido bisa bankunanmu, wadda ke zaune Abija, ta fidda doka cewa kowane banki shi tanadi hanyar karɓar kukan masu ajiya, kuma shi ba da amsa cikin wata guda. In watan ya wuce, a rubuta ma cibiyar bankin Yamai, a gama da kofin mai hatimi. In nan ma ba a samu biyan bukata ba, ana iya kai kuka ga ita hukumar. Amma ku lura, kukan kuskure ake kaiwa can. Ba a kai ƙarar mutum don ya ƙi yi maka alheri.

Kada ku ba kowa kuɗɗi wai don shi shige muku gaba. Kai kuka ba a biya. Kuma don Allah kada a je wurin masu ba da bashi na bayan kasuwa, waɗanda ke riƙe katin mutum da lambarshi ta sirri, a ce za a cike ramin banki. Banki ko ba komi shina da iyaka da mai tsawata mashi. Su babu.

Na san liman da dattawa na da magana a zuci: ai abin duka riba ne. Wannan fagen malamai ne, ba ni shiga gabansu. Na san kuma wasu iyayenmu sun yanke ƙauna ga banki tun da BDRN ta rushe a 1990. Abin da zan ce kawai, ma'aikaci na yau ba shi ya zaɓi albashinshi shi biyo ta banki ba, kuma wanda ya je ya karɓo abin da anka yanke mashi, rage ribar ya yi, bai ƙara ta ba. Mai son kauce ma ruwa shi tambayi bankin Musulunci da ke ƙasar ga ƙaƙa tsarinsu shike, shi karanta takarda kamin shi sa hannu, kamar ko'ina.

Iyayena, ku yi mini gafara in faɗi guda. In kun aika ma yaro ran 10 ga wata, ya ce a dakata zuwa ƙarshen wata, ba rowa ba ce. Kwana 20 ɗin nan su ne tsakanin kuɗɗinshi da kuɗɗin banki. In abin ba ciwo ba ne, ba yunwa ba ce, a ba shi su. Ku kuma ƴan uwana, ku riƙa faɗa ma gida gaskiya. Bashi hanji ne, shina cikin kowa.

Ina roƙon shugabanni su sa magana guda cikin taro na gaba: asusun ƙungiya shi riƙa ranta ma ɗan gari kuɗɗin likita na gaugawa, ba ruwa, shi biya ran albashi. Jikka 30 ko 40 a lokacin da ya dace na hana mutum taɓa dekuber.

Wanda ke da kwanti, shi je shi karɓo rulebe na wata shida da sunka wuce, da takardar shekara. Na wata-wata da ta shekara kyauta ne, amma sake buga tsohon rulebe ana iya caji, ku tambaya kamin a buga. Ina lakkol kowace Asabar da safe. A kawo mini, mu bi layi-layi, in rubuta wasiƙar. Na nesa su aiko da hoton takardun ta hannun magatakardan ƙungiya, amma kada kowa shi aiko da lambar sirri ta katinshi, ko ni ba ni son ganinta. Wanda ya san ɗan uwanshi ya tafi ci-rani ya bar kwanti buɗe, shi faɗa mashi cikin satin ga.