Kafin a saya wa Baba kare: rubutaccen shirinmu na wannan mako

Ga rubutun shirin kamar yadda muka saba, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar kare za mu yi. Na san wani zai ce, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai kare? To ai matsalolin ne suka kawo mu nan. Ku dubi yadda gidaje da yawa suka koma. Baba ya yi ritaya, ya yi gininsa a bayan gari inda fili ke da sauƙi, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, wannan yana Abuja, wannan yana Legas, wancan ma ya ƙetare. Gida ya rage daga shi sai Hajiya, sai wani jika ko yaron aike. Ranar da aka ji an haura katangar maƙwabta, sai zauren iyali na WhatsApp ya ɗauki zafi. Kafin dare wani ya turo hoton ƙaton kare mai kai kamar turmi, ya ce a haɗa kuɗi a saya wa Baba. Niyyar mai kyau ce. Amma sau da yawa karen da ke cikin hoton nan shi ne mafi rashin dacewa da mutum mai shekara 70.

Bari mu fara da abin da na san zai cika mana wajen sharhi, wato hukunci. Hadisi ya ambaci karen farauta, da na kiwo, da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai buƙata ta gaske. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron a cutar da shi. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma sun tsananta. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ya shafe mu shi ne, a mafi yawan gidajenmu kare a tsakar gida zai zauna ko bakin ƙofa, ba a kan kujerar falo kamar yadda muke gani a fina-finan Turawa ba. Saboda haka shawarwarin da za ka karanta a intanet, waɗanda aka rubuta don tsohuwar da ke zaune a bene a Landan, rabinsu ba namu ba ne.

Sannan a tambayi Baba. Abin dariya ne a ce sai an faɗi wannan, amma ana sayen kare a kai gida kamar an kai firji. Akwai dattijon da ba zai iya cin abinci a gidan da kare ke yawo ba. Akwai Hajiyar da tun tana yarinya kare ya taɓa bin ta, har yau jikinta rawa yake in ta ji haushi. Idan ɗayansu ya ce a'a, magana ta ƙare. A sa fitila mai sola, a ɗaga katanga, a gyara ƙofa. Zabi ma, in kun taɓa zama kusa da masu kiwonsu, kun san ba sa barin baƙo ya wuce shiru.

To in sun yarda fa, wane iri? Abin da dattijo ke nema a wurin kare kunne ne da murya. Ya ji motsi kafin mai gida ya ji, ya yi haushi har unguwa ta farka. Ɓarawo hayaniya ce ba ya so. Haƙori da ƙarfi kuwa, wanda zai fara ɗanɗana su shi ne wanda ke tare da karen kullum, wato Baba.

Mu yi lissafi da kilo. Bowabul, wanda asalinsa daga Afirka ta Kudu ne kuma shi ake yayi yanzu, namijinsa yana haura kilo 60. Kokeshiyan ma haka, wani har ya zarce 70. Rotwaila yana kai 50. Jaman Shefad, wanda muke kira karen 'yan sanda, namijinsa tsakanin 30 ne zuwa 40. Yanzu ka tuna nauyin Hajiyarka, ka tuna gwiwar da take kuka da ita. Karen nan ba sai ya yi fushi ba. Murna kawai zai yi ya ɗora mata ƙafafu biyu a ƙirji, ko ya hango mage ya fizgi igiya, shi ke nan tana ƙasa.

Kuma faɗuwar tsoho ba irin tamu ba ce. Mu mu tashi mu karkaɗe riga, shi kuwa ƙashin ƙugu ne ke karyewa, kuma da yawa daga tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa komawa tafiya kamar da. A Amurka, inda suke rubuta komai, masu bincike na Jami'ar Fensilbaniya sun fitar da rahoto a 2019 kan 'yan shekara 65 zuwa sama da suka karye wajen fita yawo da kare a igiya. A 2004 an ƙiyasta mutum 1,671, zuwa 2017 sun kai 4,396. Kusan kashi 79 cikin 100 mata ne, kuma ƙugu ne wurin da ya fi karyewa. Can ke nan, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. Ka auna da gidan da ke bayan gari, da daddare, ba wanda ya iya tuƙi a gidan.

Ga kuma zafi. Kokeshiyan karen duwatsu masu sanyi ne, can yankin Jojiya da Armeniya, gashinsa ninki biyu kamar bargo. Ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ni dai a ganina ajiye irin wannan dabba a kejin kwano a ƙasarmu zalunci ne, ko da matashi ne mai shi. Haka masu gajeren hanci, irin su Buldog, numfashi ke gagarar su in rana ta take.

Ciyarwa kuma, buhun abincin kare mai kilo 15 ba ya kai wa irin waɗannan ƙatta wata guda. A watan farko kowa a zauren iyali zai turo nasa kason. A wata na shida sai ka ji shiru, nauyi ya koma kan kuɗin fanshon da ba ya zuwa a kan lokaci. Daga nan sai a fara ba shi ɗumamen tuwo, a ɗaure shi da sarƙa dare da rana saboda kowa tsoronsa yake. Karen da ke ɗaure kullum, ga yunwa, ga rashin sabo da mutane, shi ne wanda ranar da sarƙa ta tsinke ake jin labarinsa a unguwa. Gidan dattijo kuwa ba ya rabuwa da jama'a: jikoki ranar Juma'a, almajirin da ke zuwa karɓar abinci, 'yar talla, masu zuwa gaisuwa, mai kawo ruwa a kura.

Yawwa, to me ya dace? Za ku yi mamaki, amma na farko a wurina shi ne karen gida, irin namu da muke rainawa. Yawanci bai wuce kilo 15 zuwa 20 ba, gashinsa gajere ne, ya saba da zafinmu, ba shi da tsirfar abinci, kuma wajen haushi ba a bar shi a baya ba. Matsalarsa ɗaya, ba ya kyau a hoton Instagram. Sai dai kar a ce don na gida ne ba ya buƙatar likita. Yana buƙata kamar kowane kare.

Akwai kuma ƙanana irin Lasa Afso, da ake samu da yawa a wajen masu sayar da karnuka a Najeriya. Kilo 6 zuwa 8 ne, kuma tun asalinsa a Tibet aikinsa ke nan, ya zauna cikin gida ya sanar da zuwan baƙo. Ba zai ka da kowa da ƙarfi ba. Amma yana da nasa: gashi mai tsawo da ke cukurkuɗewa in ba a taje shi ko a rage shi, kaska kuma na samun maɓoya a ciki. Ƙaramin kare kuma yana shiga tsakanin ƙafafu. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ya fito alwalar Asuba cikin duhu, zai iya tuntuɓe da shi. Maganin wannan ɗan ƙararrawa ne a wuyansa, da fitila a tsakar gida.

'Yan uwanmu na Nijar za su ce ina Azawak, dogon karen Buzaye? Kare ne mai kyau, ya san zafi, ya san gadin zango. Amma na gudu ne, an yi shi don fili mai faɗi. Dattijon da ke ƙauye ko gona zai ji daɗinsa. A gida mai katanga huɗu cikin gari kuwa, takura ce gare shi.

Abin da ya fi irin karen muhimmanci ma shi ne shekarunsa. Kowa ɗan kwikwiyo yake so, wai ya tashi a hannunka. Ɗan kwikwiyo aiki ne kamar jariri. Yana kukan dare, yana ɓata ko'ina, yana tauna takalmi da tabarma, yana cizon wasa da haƙora masu tsini kamar allura. Fatar tsoho siririya ce. In yana da ciwon suga, ɗan ƙwarzane a ƙafa zai iya zama gyambon da za a yi watanni ana fama. In yana shan maganin tsinka jini, jinin ba ya saurin tsayawa. Ga cutar fabo, mai sa amai da gudawan jini, da ke kashe 'yan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba. Gara a nemi wanda ya kai shekara 2 zuwa 4, daga gidan da aka sani, wanda halinsa ya riga ya bayyana. A je da Baba ya gan shi. A lura: yana tsalle a jikin mutane? Yana gurnani in an matso kusa da kwanon abincinsa? Yaya yake yi in yaro ya gifta da gudu? Baba ya riƙe igiyar ya taka da shi kaɗan, wani na kusa. In karen ne ke jan Baba, a bar shi a inda aka gan shi.

In mace ce, ku sani kusan sau biyu a shekara karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofar gida, bayan wata biyu kuma ga 'ya'ya. Likitan dabbobi na iya yi mata aikin hana haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi, yana rage masa yawon dare.

Sai allurar ciwon haukan kare, wadda ba a sassauci a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ana yi wa kare allurar farko yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa ta, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na jihohi. Mai sayarwa ya ce an yi masa? Ya nuna kati mai sa hannun likita. In kuma kare ya ciji wani, ko na gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ba a jira a ga ko zai kumbura.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafi gidan tsofaffi kai tsaye: goro. Sinadaran da ke wartsakar da Baba a cikin goro irin waɗanda ke cikin kofi da cakulan ne, kuma guba ne ga kare, musamman ƙarami. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, to ka ga ragowar miyar da aka cika wa albasa ba abincinsa ba ce. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi a ciki. Ƙwayar magani ma in ta faɗi ƙasa, ta hawan jini ce ko ta ciwon jiki, a nemo ta kafin shi ya nemo.

Na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba ma son furtawa. Ƙaramin kare ko matsakaici yana iya yin shekara 12 zuwa 15. Rai na hannun Allah, yaro ma yana riga tsoho, amma ƙarfi dai raguwa yake. In an kwantar da Baba a asibiti mako uku, wa zai ba karen ruwa? In sun tafi Umara? In Hajiya ta koma gidan ɗaya daga cikinku? Tun kafin a biya kuɗi, a samu mutum guda, da sunansa, wanda ke kusa da gidan, wanda zai riƙa cire kaska, ya ba da maganin tsutsar ciki duk wata 3, ya kai shi allura, ya kuma karɓe shi ranar da gidan ya kasa. "Za mu duba" ba suna ba ne. In an zagaya zauren iyali kaf ba a samu wanda ya ce ni ne ba, kuɗin da aka tara a sa su a katanga da fitila.

Waɗanda iyayensu ke da kare a gida, ku rubuto mana a ƙasa wane iri ne da yadda kuke fama da ciyarwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida su Baba da Hajiya.