Tiyatar Farcen Ƙafa a Ƙasar Kurfai

Farcen babban yatsan ƙafa yana tsirowa ne daga wani siririn nama da ke ɓoye ƙarƙashin fata a gindin farcen, wanda shi ne saiwarsa, kuma abin da yake ƙarawa a wata bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba, shi ya sa idan ya fita ɗungurungum sai ya shekara, wani lokaci har da rabi, kafin ya cike gurbinsa. Nasarar duk wata tiyatar farce tana ga abin da aka yi wa wannan saiwa.

A Filinge ta ƙasar Kurfai da ƙauyukan kwarin Dallol Boso, inda manoma da makiyaya ke yawo da buɗaɗɗen takalmi, tuntuɓe ko takun dabba kan tara jini ƙarƙashin farce ya yi ta zogi, wanda kuwa huda ɗaya da allura mai tsabta ta ishe shi. Nutsewar gefen farce cikin nama ta fi addabar masu rufaffen takalmi, wato sojoji da jandarmomi da samari 'yan ƙwallo, balle idan mai yankan farce na kasuwa ya sassaƙe kusurwa da reza ya bar tsini a ciki. Daga nan gefen yatsa ya kumbura, ya tara mugunya, wani jan tsiro mai saurin zubar da jini ya hau kan farcen.

Cire farcen baki ɗaya, wanda shi ne abin da mai ciwo ya fi roƙo, aiki ne na ganin ido, domin saiwa tana nan daram, sabon farce kuma sau da yawa tsohuwar hanyar yake bi, wani lokaci ma ya fito da kauri ya lanƙwashe. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a kashe zafi da allurar lidokayin a gefe biyu na gindin yatsa, a ɗaure shi da roba don tsayar da jini, a tsaga siririn yanki kamar milimita 3 daga gefen da ke ciwo a zare shi, sannan a goga wa kusurwar saiwar fenol, wani sinadari mai ƙuna da ke hana wannan gefe sake tsirowa. Tun 1945 wani likita mai suna Boll ya bayyana wannan dabara a Amurka, bayan da wani likita mai suna Winograd ya nuna a 1929 yadda ake yanke kusurwar da wuƙar tiyata, hanyar da har yanzu take da amfani inda ba a samun fenol. Aikin bai kai rabin sa'a ba, ba a kwana a asibiti, sai dai wajibi ne a kwance robar nan take, a kuma yi allurar rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, tunda ƙafar garke da gona za ta koma. Rauni kan yi makonni yana tsatsafo da ruwa, saboda haka manomin da ciwonsa bai tsananta ba gara a yi masa da rani, kafin shukar gero.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin asibitin gundumar Filinge ba, babu dalilin ɗora wa talaka tafiyar kimanin kilomita 180 zuwa Yamai. Waɗanda ya kamata a tsaya a yi wa bincike su ne mai ciwon sukari da tsohon da jini ba ya isa ƙafarsa sosai, domin a wurinsu ƙaramin rauni kan ƙi warkewa har ya kai ga yanke yatsa. Haka kuma baƙin tabo da ke faɗaɗa ƙarƙashin farce har ya malalo kan fata, wanda bai bi farce ya fita ba kamar yadda taruwar jini ke yi, yana iya zama sankarar fata, irin wadda aka gano a yatsan mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1977 ta kuma yi ajalinsa a 1981. Mai irin wannan tabo shi ne za a tura Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, a ɗebi naman a auna.