Lasisin Ɗalibi da Zaɓen Injin Fitar da Hoto: Lacca ga Masu Koyon Zanen Gine-gine a Abuja

Duk wanda ya ratsa Guzape ko Jahi ko Katampe zai ga allunan talla ɗauke da hotunan rukunin gidajen da ba a ko haƙa harsashinsu ba, amma ga su da inuwa da ciyawa da motoci a ƙofa, kuma da irin waɗannan hotuna ne dillalai ke karɓar kuɗin masu saye tun kafin a aza bulo ɗaya. Wannan sana'a ce ke jiran ɗaliban zanen gine-gine na jami'o'i irin su Baze da Nile a nan Abuja, da takwarorinsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya waɗanda da yawansu nan suke gangarowa neman aiki. Aikin yana da matakai biyu, wato gina siffar abu mai tsawo da faɗi da zurfi a cikin kwamfuta, sannan mayar da siffar hoto, kuma manhajar da ke yin mataki na biyu, wadda ke lissafa yadda haske zai faɗa kan bango da gilashi da ƙasa, ita ake nufi da injin fitar da hoto.

Tun daga 2014 kamfanin Autodesk na Amurka ya buɗe wa ɗaliban duniya manhajojinsa kyauta, ciki har da AutoCAD da Revit da 3ds Max da Maya, yanzu bisa lasisin shekara ɗaya da ake sabuntawa muddin mutum ya nuna shaidar cewa har yanzu yana makaranta. Sai dai lasisi izinin amfani ne mai sharuɗɗa, ba mallaka ba, kuma babban sharaɗinsa shi ne kada a yi aikin kuɗi da shi. Ɗalibin da wani mai gidaje ya ba shi kwangilar hotuna uku, ya yi su da lasisin makaranta, ya karya yarjejeniya ko da bai karanta ta ba. Kamfanin kuwa ba sadaka yake yi ba: ya san wanda ya shafe shekaru huɗu yatsunsa na bin maɓallan manhaja guda zai yi wuya ya rabu da ita, don haka kyautar yau jarin cinikin gobe ce.

Matsalar tana bayyana ne ranar da aka kammala karatu aka tafi bautar ƙasa, lasisi ya ƙare, fayilolin ayyukan da mutum zai nuna wa masu ɗaukar aiki suka zama a kulle cikin tsarin da ba ya buɗuwa sai da biyan kuɗin shekara-shekara da dala. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024, sannan a lokacin bankuna da dama sun daɗe da dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. A nan ne matasa da yawa ke komawa ga manhajar da aka fasa, wadda ban da saɓa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, takan shigo da ƙwayoyin cuta cikin kwamfutar da mutum ya dogara da ita wajen cin abinci.

Saboda haka zaɓen inji ya kamata ya fara daga na'urar da ɗalibi yake da ita. Injina irin su Arnold, wanda Autodesk ta saya a 2016 ta haɗa shi da Maya da 3ds Max, da V-Ray na kamfanin Chaos da aka kafa a Bulgeriya, da Corona wanda ya samo asali daga Jamhuriyar Cek, suna aiki ne ta bin sawun haske, wato kwamfuta tana harba miliyoyin zaren haske na lissafi tana bin kowanne yayin da yake karo da abubuwa yana dawowa, kamar yadda James Kajiya ya tsara a 1986. Idan aka tsayar da aikin da wuri, hoton yakan fito da tsaki-tsaki musamman a lungunan ɗaki inda haske bai isa ba, idan kuma aka bar shi ya tsaftatu yana iya cin sa'o'i. Corona yana jingina ne da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yayin da Octane da Redshift aka gina su kan katin hoto mai ƙarfi, wanda galibin laftof ɗin hannu na biyu da ɗalibai ke saye a Banex Plaza ba su da shi. Ga kuma wuta: a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat a sa'a, wanda kuma ba ya cikin rukunin ya san hoton da aka bari ya kwana yana fita zai iya mutuwa da tsakar dare in babu inbata.

Akwai kuma injinan nan-take irin su Lumion da Enscape da Twinmotion, waɗanda suka aro dabarun wasannin bidiyo suna nuna hoto yayin da ake juya siffar, kuma su ofisoshin zane suka fi so saboda mai gida yana son ya ga canjin fenti yana zaune. Ba su kai na farkon daidaito ba, amma sun wadatar ga yawancin tallan gidaje.

Wanda ya fi cancanta jami'o'i su ba shi muhimmanci shi ne Blender, wanda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya 'yantar a 2002 bayan jama'a sun tara yuro 100,000, domin lasisinsa bai bambanta ɗalibi da ɗan kasuwa ba kuma ba ya ƙarewa. Yana ɗauke da injina biyu, Cycles mai bin sawun haske da EEVEE na nan-take, kuma da shi aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Ba a cewa a watsar da Revit ko 3ds Max, tunda su ofisoshin Wuse da Maitama ke tambaya a wurin ɗaukar aiki. Abin da ake cewa shi ne a koyar da su tare da Blender, a kuma saba wa ɗalibai adana kwafin ayyukansu a tsarin FBX ko OBJ da yawancin manhajojin zane ke iya buɗewa.

Wani abin lura kuma, wanda lasisi ba ya gyarawa, shi ne yawancin hotunan allunan Abuja suna ɗauke da sararin samaniyar Turai da bishiyoyinta, domin da su manhajojin suka zo. Abuja tana kusa da digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, ranarta tana tsayuwa kusan saman kai ta gajarta inuwa, ƙasarta ja ce, hazon hunturu kuma yana dusashe launi daga Disamba zuwa Fabrairu. Ɗalibin da ya shigar da wurin birnin da kwanan wata da sa'a cikin saitin rana, ya ɗauki hoton jar ƙasar filin da wayarsa ya shimfiɗa a siffar, zai iya nuna wa mai gida ko barandarsa ta yamma za ta zaunu da la'asar a watan Maris.