Malam Umaru Altine, Magajin Garin Inugu na Farko



Jawabin yau a kan Malam Umaru Altine ne, Bafillatanin ƙasar Sakkwato, wanda fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya zauna a can, har mutanen garin suka ɗora shi bisa kujerar Magajin Gari.

Ita dai Inugu kwal ne ya kafa ta. A 1909 aka gano shi a duwatsun Udi, a 1916 kuma jirgin ƙasa ya haɗa wurin da Fatakwal. Daga nan leburori da akawuna da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga ko'ina, har baƙi suka zama su ne ƙarfin garin. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan Turawa suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley. Wannan ta'asa ta ƙara nuna wa mazauna garin cewa wahalarsu ɗaya ce, ko daga ina mutum ya fito.

A cikin wannan hali Malam Umaru ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Bai tsaya a zango yana jiran ciniki kawai ba. Ya shiga sha'anin gari, ya yi aiki tare da samarin jam'iyya har ya shugabance su a Inugu, ya kuma yi aure cikin mutanen ƙasar. Da Inugu ta sami majalisar birni a 1956, shi aka zaɓa Magajin Gari na farko. Ga shi Musulmi ɗan Arewa, ga garin kuwa hedkwatar Jihar Gabas, inda galibin jama'a Ibo ne Kirista.

To, 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Fatakwal, a duba wannan al'amari da kyau. Wanda ya yi shekara ashirin a gari, yana biyan haraji, 'ya'yansa na makarantar garin, amma bai yi rajistar zaɓe ba, bai san kansilan unguwarsa ba, wa zai yi magana dominsa ran da aka ce za a tashi kasuwarsa? Zama da mutane lafiya wajibi ne, amma sai an halarci taron unguwa, an san shugabanni, an jefa ƙuri'a inda ake zaune, sa'an nan ake jin muryar baƙo.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta, amin.